Kurakuran da malamai suka fi yi da darussan intanet a ajin da kwamfuta ta yi ƙaranci

Duk shekara sababbin malamai suna zuwa da zumuɗin koyarwa da kayan intanet, kuma duk shekara kurakuran nan dai su ake maimaitawa. Aji yana da ɗalibai hamsin ko sittin, kwamfuta kuwa biyu ko uku, wani lokaci ma ɗaya tal, ita ma ta malamin ce. Da darasi ya wargaje sai a ɗora wa ƙarancin kwamfuta laifi. Ni ban yarda ba. Yawancin darussan da na ga sun lalace, tun a daren jiya suka lalace, lokacin da ya kamata malam ya zauna ya yi shiri bai yi ba.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne shiga aji da dogaro cewa sabis zai yi aiki. Malam ya ga bidiyo mai kyau a wayarsa da daddare, ya ajiye adireshin shafin, washegari ya shigo ya ce wa yara yau za su ga yadda jini yake zagaya jiki. Ya jona majigi, ya latsa. Sai ɗan zoben nan ya fara juyawa a tsakiyar allo. Yara na gaba sun zuba ido, na baya sun fara hira. Malam ya koma bakin taga ya ɗaga waya sama yana neman sabis, yana kuma daka wa masu surutu tsawa. Da ƙyar bidiyon ya taso, sai ga talla, wadda ba shi ya zaɓe ta ba kuma bai san abin da za ta nuna wa yaran mutane ba. Darasin minti arba'in ne, rabi ya tafi a kallon allon da babu komai a kai. Abin da ya fi asarar lokacin muni shi ne abin da yaran suka ɗauka: ranar kwamfuta ranar hutu ce. Da zarar wannan ya zauna musu a rai, cire shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ƙa'idata guda ce, kuma ba na sassauta ta. Duk abin da zan nuna sai na sauke shi a kan kwamfutar da zan yi aiki da ita, sannan in kashe data da Wi-Fi gaba ɗaya, in buɗe shi daga farko har ƙarshe. Abin da bai buɗe ba a haka, ba ya shiga ajina. Ku lura na ce kwamfutar da zan yi aiki da ita, domin fayil yakan buɗe lafiya a wayarka ya ƙi buɗewa a tsohuwar kwamfutar makaranta.

Kuma babu wani uzuri yanzu, don akwai kayan da tun asali an gina su ne saboda wuraren da babu intanet. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta samar, ana sa ta a kwamfuta ɗaya, a zuba mata darussa sau ɗaya a inda sabis yake da ƙarfi, a dawo da ita makaranta. Sauran kwamfutoci da wayoyi sai su haɗu da ita ta Wi-Fi na cikin gida, ba a taɓa data ko kaɗan. A cikinta akwai darussan Khan Academy da littattafan African Storybook da wasu da dama, kuma malam yana iya buɗe aji, ya ba kowa aiki, ya ga inda kowane ɗalibi ya tsaya. RACHEL ta ƙungiyar World Possible ita ma haka take aiki, ƙaramin akwati ne da ke watsa Wi-Fi nasa. Kiwix tana buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa. Ga masu koyar da kimiyya akwai PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a allo, wanda Carl Wieman ya kafa a shekarar 2002 a Jami'ar Colorado da ke Amurka. Gwaje-gwajensa na yanzu kowanne ana iya sauke shi a matsayin fayil ɗaya da ke buɗewa a burauza, yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a allo ya ga ƙwan ya kama ko ya ƙi. Masu lissafi kuwa su sa GeoGebra a kwamfutar, ba sai sun riƙa shiga shafinta ba.

Sai dai kada wannan ya kai ku ga ɗibar karan mahaukaciya. Wasu da sun gano Kiwix sai su nufi Wikipedia ta Turanci cikakkiya mai hotuna, wadda ta kai wajen gigabait 100, su kwana suna saukewa, ta cika musu kwamfuta, alhali abin da suke bukata a zangon nan bai wuce batutuwa goma ba. Ku buɗe manhajar karatu ta ajinku tukuna, ku rubuta batutuwan zangon, sannan ku nemi abin da ya dace da kowanne. Bidiyo ma ku ɗauko mai ƙaramin nauyi, a allon aji bambancin ba shi da yawa.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya taɓa cinye mini zango guda, don haka ku yi haƙuri in na yi zafi. Barin yara su raba kwamfuta a tsakaninsu da kansu.

An taɓa miƙa mini wani aji da a takarda an rubuta cewa sun yi zango biyu suna aiki da kwamfuta. Ranar farko na kira wata yarinya mai natsuwa, wadda littafinta ya fi na kowa tsabta, na ce ta buɗe folda. Ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, wato mouse, kamar zai ƙone ta. Da kibiyar ta kai bakin allo sai ta ɗaga linzamin sama tana juya shi a iska, ta waiwayo tana kallona idonta ya kawo ruwa. Na ce, “Ba ki taɓa riƙewa ba ne?” Ta ce, “Malam, ni rubutu nake yi wa rukuninmu.” Zango biyu cur tana tsaye a bayan kujera tana rubuta abin da wasu suke gani. Da na bincika, yara kaɗan ne suka mallake kwamfutocin, masu ƙarfin baki da waɗanda suka saba da waya a gida. Sauran duk ’yan kallo ne. Dole na ajiye abin da aka tsara mini in koyar, na koma tun daga yadda ake riƙe linzami.

Haba malamai! Ka ce wa yara goma “ku je ku yi aiki tare” a kan kwamfuta ɗaya, ka koma teburinka kana cike rajista, sannan ka rubuta cewa aji ya yi aiki da kwamfuta? Wanda ya riga ya iya shi ne zai ƙara iyawa, mai kunya ya ƙara komawa baya, kuma sau da yawa ’yan mata da ƙananan yara ne ake turewa. Wannan rashin adalci ne da malam ya yi da hannunsa, ko da bai yi niyya ba.

Ga yadda nake yi. Ba na barin fiye da yara huɗu a kan kwamfuta ɗaya. Kowa da aikinsa: ɗaya yana riƙe da linzami, ɗaya yana karanta umarni daga takarda, ɗaya yana rubuta abin da aka gani, ɗaya kuma shi zai yi wa aji bayani. Bayan ’yan mintuna in tafa hannu, kowa ya matsa kujerar gaba. Ina da takarda manne a bango mai sunayen ɗalibai duka, duk wanda ya riƙe linzami a sa masa alama, kuma ba a komawa kan mai alama alhali akwai wanda ba shi da ko ɗaya. Wanda ya iya sosai ina ba shi matsayin mai taimako, da sharaɗin hannunsa yana bayansa, da baki kawai zai yi bayani. Ni ma sharaɗin ya hau kaina. Malamin da ke fizge linzami daga hannun yaro yana cewa “kawo in yi maka” ya gama aikin da sauri, yaron kuwa bai koyi komai ba.

To sauran ɗalibai arba'in fa? Nan ne ake gane wanda ya yi shiri. Aji kashi uku nake raba shi: wasu a kwamfuta, wasu suna aikin takarda a kan batun nan dai, wasu suna tare da ni muna warware abin da ya shige musu duhu. Lokaci ya cika, a juya. Aikin takardar nan ba na cika lokaci ba ne, shi ne yake shirya yaro ya san abin da zai je ya nema a allo. Masu koyar da ilimin kwamfuta su duba CS Unplugged na Jami'ar Canterbury da ke New Zealand, wanda ke koyar da abubuwa irin su ƙirga da sifili da ɗaya ta hanyar katuna da wasanni, babu na'ura ko ɗaya.

Akwai kuma masu mayar da majigi talabijin. A kunna bidiyon minti talatin, malam ya harɗe hannu, a tashi. Wani bincike da Eric Mazur da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2004 a kan ɗaliban kimiyya a Jami'ar Harvard ya gano cewa waɗanda suka zauna suka kalli gwaji kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba fahimtar dalilin abin da ya faru ba. Waɗanda aka sa suka yi hasashen sakamako kafin a nuna musu su ne suka fi ganewa. Shi ya sa kafin in latsa komai nake cewa kowa ya rubuta abin da yake zaton zai faru idan aka ƙara batir na biyu. Sai an rubuta sannan a gani. Bidiyo kuwa ba na barin ya wuce minti uku ko huɗu ban tsayar da shi na jefa tambaya ba.

Masu cewa da kowane yaro yana da tasa kwamfutar da komai ya gyaru, su tuna Peru. An raba wa ɗalibai kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 a kan makarantun firamare 319 na karkara bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da harshe ba bayan wata 15.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna cizo. Filash ɗaya da ke yawo daga kwamfutar wannan zuwa ta wancan, ƙarshenta ta kwaso cutar nan mai ɓoye folda ta bar maka gumakan da ba sa buɗe komai. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya ba ya fita daga aljihun teburinka. Tsofaffin jerin shafukan da ake gada daga malami zuwa malami, da yawansu an gina su ne a kan Adobe Flash, tsohon tsarin kunna bidiyo da wasanni a burauza, wanda aka daina tallafa wa a ƙarshen 2020, don haka gwada kowanne kafin ka dogara da shi. Sa VLC, manhajar kunna bidiyo, a kwamfutar ka huta da bidiyon da ya ƙi buɗewa. Je ka zauna a kujerar ƙarshe ka ga ko rubutun yana karantuwa, ka ji ko sauti yana kaiwa, domin lasifikar kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta wuce layi na biyu. Yi caji tun da dare, ka kuma buga muhimman hotuna a takarda saboda ranar da wuta za ta ɗauke.

Kada ka buɗe wa yara asusu da cikakken sunansu da hotunansu a shafin da ba ka san inda yake kai bayanan ba, kuma kada ka bar asusunka a buɗe a kwamfutar aji. Duba lasisin abin da kake kwafa. Mai alamar Creative Commons yawanci ya halatta a raba shi idan an ambaci mai shi, wani ma har a fassara, kuma littattafan African Storybook da StoryWeaver irin wannan lasisin gare su, akwai na Hausa a ciki.

Batun harshe ma ana yawan mantawa da shi. Bidiyon da mai magana yake zuba Turanci da sauri, yaran da ke koyon Turancin ba za su kama komai ba. Ni nakan kashe sautin gaba ɗaya, in bar hoton yana tafiya, in yi bayanin da bakina cikin harshen da suke ji, in tsayar a inda na ga fuskokinsu sun canza.