Yadda za ka yi karatu da WhatsApp a jami'a

Ƙanena, tunda ka shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi, ga yadda muka yi. Ku buɗe rukunin WhatsApp na ajinku kaɗai, mutum biyu su riƙe shi. Ba gaisuwar Juma'a, ba tallan atamfa. Wanda ya je darasi ya ɗauki hoton allo ya turo kafin magariba.

Abin da ya shige maka duhu, tambaya da saƙon murya, ko da Hausa ne, ba kunya. Malam da Faransanci ya koyar, amma ganewa muke nema.

Bidiyon YouTube kuwa, sauke shi da dare, ka cika batir kafin wuta ta ɗauke. TikTok dai ni cire shi na yi har hutu, don ya taɓa cinye mani kuɗin intanet ana gobe jarrabawa.