Yadda zaka haɗa na'urar auna zafi da Arduino, da maɓalli da ɗan sikirin

Masu kiwon kaji a Katsina sun san yadda zafin watan Afrilu yake, zafin rana ya haura digiri 40 kaji na haki kai kuma baka san zafin cikin ɗakin ba. To wannan ɗan aikin shi zai riƙa nuna maka, kuma ga mai koyo yafi kunna fitila tana ƙiftawa amfani nesa ba kusa ba.

Kayan da zaka nema: Arduino Uno (ɗan allon lantarki ne da ake rubuta masa umarni daga kwamfuta) da kebul ɗinsa, bredbod (allo mai ramuka da ake soka wayoyi), wayoyi, maɓalli, sensa DHT22 (shi ke auna zafi da danshi), sai sikirin LCD 16x2 mai ɗan allon I2C a bayansa (shi ke rage yawan wayoyin da zaka jona). Zaka ga ana tallan wani sensan, DHT11, don yafi araha, ni dai ban baka shawara ba, danshin da yake iya karantawa daga wajen kashi 20 yake farawa, mu kuwa lokacin hunturu iskarmu tana bushewa ƙasa da haka, sai ya riƙa baka lambar banza.

Fara da sauke Arduino IDE, manhajar da zaka rubuta umarnin a ciki, a laftof. Idan ka jona Arduinon kwamfuta bata ganshi ba kar ka ce ya lalace, yawancin na kasuwa ɗan cif ɗin USB mai suna CH340 ne a jikinsu, direbansa zaka saka a kwamfutar.

Dan Allah kar ka jona komai lokaci ɗaya, ɗaya bayan ɗaya ake yi. Maɓalli tukuna: ƙafa ɗaya zuwa ramin Arduino mai lamba 2, ɗayar zuwa GND (ramin negatif), ka rubuta pinMode(2, INPUT_PULLUP) a cikin IDE shikenan ba ruwanka da rizisto. Abin da ke rikita mutane shi ne a juye yake, in ka danna LOW zai baka, in ka saki HIGH. Buɗe Serial Monitor, tagar IDE da ke nuna saƙon da Arduino ya turo, ka saita saurinta akan 9600 ka gani da idonka. Dannawa ɗaya kuma allon zai iya ƙirga ta sau uku saboda ƙarfen ciki yana ɗan rawa kafin ya zauna, sai ka sa ya jira milisakan 50 kafin ya yarda.

Sai sensa. Ƙafar wuta (VCC) zuwa 5V, GND zuwa GND, ƙafar data zuwa lamba 4, amma karanta rubutun jikinsa don jerin ƙafafun ba iri ɗaya bane a kowanne. Saka laburaren DHT na kamfanin Adafruit a IDE, wato shiryayyen kod ɗin karanta sensan. In ya rubuto maka "nan" (wato bai samu karatu ba) maimakon lamba, yawanci waya ce bata zauna ba.

LCD wayoyi huɗu ne kacal, SDA zuwa A4, SCL zuwa A5, sai wuta da GND. Adireshinsa da zaka rubuta a kod yawanci 0x27 ne, in yaƙi gwada 0x3F. Haske ya kawo babu rubutu? Akwai ɗan shuɗin abu a baya, murɗa shi a hankali da sukundireba har haruffa su fito.

Wajen haɗasu ne matsalar take. DHT22 sai bayan sakan 2 ake karanta shi, kuma idan ka sa delay(2000) don ya jira, Arduinon daskarewa yake yi tsawon lokacin, kayi ta danna maɓalli baiji ba. Yi amfani da millis() yana duba lokaci, shi kuma loop (sashen kod ɗin da ke ta maimaita kansa) yaci gaba da sauraron maɓallin, danna ɗaya ya nuna zafi, wata ya nuna danshi.

In zaka kai shi ɗakin kajin ka rataye sensan daidai tsayin kajin, nesa da kwanon rufi. Fawabank zai riƙe shi, sai dai wasu suna kashe kansu in abu baya jan wuta sosai, gwada naka a gida tukuna.