Yadda za ka gane wace gajiya ake nufi idan Amurkawa sun ce "Black fatigue"

Ɓangarori biyu ne ke furta waɗannan kalmomi a Amurka yanzu, kuma kowa da inda ya dosa. In ka ci karo da su a TikTok ko X, dakata tukuna kafin ka tura wa wani. Ga yadda nake bi da su.

Tambayar farko ita ce: wa ya gaji, kuma da me? A asali baƙar fata ne ya gaji da wariyar launin fata. Mary-Frances Winters ta fitar da littafi da wannan suna a 2020, shekarar da ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Gajiyar da ake nufi ita ce ta mutumin da mai gadin kanti ke binsa a baya duk inda ya juya, ya isa wurin aiki baƙo ya ɗauka shi ne ɗan aike, da daddare kuma ya zaunar da ɗansa yana koya masa yadda zai ɗora hannu biyu a kan sitiyari in 'yan sanda sun tare shi. Babu ɗaya daga ciki da zai kayar da mutum a yini guda, taruwarsu ce ke cin jiki.

A 2025 wasu suka yi wa maganar juyin waina. Za ka ga bidiyon dambe a gidan abinci ko hayaniya a filin jirgi, an tsinto wanda baƙaƙe ne a ciki, an manna kalmomin a ƙasa, wato "mun gaji da baƙaƙe". Gane wannan ba wuya. Duba ko rashin kunyar mutum ɗaya aka ɗora wa jama'a sukutum, ko kuma mai rubutun yana ta jera irin bidiyon nan kullum ba ya taɓa kawo na wasu. In haka ne, kada ka tura, ko da niyyar zagin mai shi ce, domin turawar ce ribarsa.

Sai ka nemi abin da za ka tsaya a kai in gardama ta taso, don za a ce maka raki ne kawai. Tun 1992 Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ta kawo hujjar cewa damuwar yau da gobe na sa jikin mata baƙaƙe ya lalace da wuri. William A. Smith na Jami'ar Utah, a farkon shekarun 2000, ya kwatanta halin baƙaƙen ɗalibai da malamai a jami'o'in da farare suka fi yawa da gajiyar sojan da ya daɗe a fagen daga: ciwon kai, hawan jini, rashin barci. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma sun nuna baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa sanadin ciki ko haihuwa kusan ninki uku.

Amma fa ba duk mai ja da kalmar ne maƙiyi ba. Wasu na ganin tana mayar da matsalar siyasa ta koma ta asibiti, a ba mutum shawarar hutu alhali albashi da haya da halin 'yan sanda suna nan yadda suke. Wannan sukar ina ganin tana da ƙanshin gaskiya, musamman yadda kamfanoni suka rungumi kalmar bayan 2020 suka yi ta shirya bita. Fannie Lou Hamer, 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe da ta ce a 1964 ta gaji da gajiya, ba hutu take nema ba. An kore ta daga gonar da take aiki a Mississippi saboda ta je rajistar zaɓe, an lakaɗa mata duka a kurkukun Winona a 1963, ƙuri'a take so.

In kuwa abokinka ne da ke can ya ce ya gaji, kada ka fara da "ai ka bar su da halinsu", kada kuma ka sa shi ya kawo shaidu kamar a kotu. Tambaye shi abin da ya faru ranar, ka saurara har ya kai aya. In batun wurin aiki ne, ka ce ya riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, don hukumar EEOC mai karɓar ƙorafin wariya a wurin aiki tana da wa'adin shigar da ƙara, galibi kwana 180.