Yadda ake auna ɓarnar radiyeshin a silikon ba tare da zafin Jidda ya ɓata aikin ba

Ɗalibanmu da ke karatun fiziks a Jidda da Riyad sukan karɓi ƙananan diyod na silikon (na'urorin lantarki masu gano wucewar ƙwayoyin radiyeshin) da aka yi wa ruwan niyutiron a riyaktar nukiliya ta Ljubljana a Sloveniya ko ruwan furoton a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, domin gwada irin radiyeshin da ATLAS da CMS, manyan na'urorin gano ƙwayoyi na CERN, ke sha. Mafi yawan aikin yana lalacewa tun kafin a kunna mita.

Da kunshin ya iso, kai shi firiza, digiri 20 ƙasa da sifili. Kada ka tsaya ko'ina a hanya. Radiyeshin yana ture ƙwayoyin silikon daga mazauninsu, kuma waɗannan raunuka ba sa zama wuri ɗaya: zafi yana motsa su. Da fari wutar yoyo, wato lantarkin da ke zurarewa ta cikin diyod ɗin saboda raunukan, takan ragu, sai mutum ya ɗauka diyod ɗin ya warke. In zafin ya daɗe, bolt ɗin da ake buƙata don ya yi aiki duk kaurinsa sai ya riƙa hawa. Motar da aka bari a rana da azahar tana iya kai digiri 60. Awa ɗaya a ciki ta gasa maka samfurin ba da saninka ba. Saboda haka buɗe littafi, duk fitarsa daga firiza ka rubuta minti nawa, a zafi nawa. Firizar gida ma ta isa, muddin ba ta ajiyar nama ba ce da ake buɗewa kullum.

Gashi na ƙa'ida, wato ɗumama diyod ɗin da gangan kafin awo, shi ne minti 80 a digiri 60, a tanda mai ma'aunin zafi, don sakamakonka ya yi daidai da na kowa.

Wajen awo, sanyaya farantin da ake ɗora diyod a kai zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, amma fara hura busasshiyar iskar naitirojin cikin akwatin awon. Laimar Jidda ba ta da wasa. Raɓa ta kwanta a kan diyod mai ɗaruruwan bolt, shi ke nan. Rufe akwatin ya yi duhu, haɗa zoben tsaro (zoben da ya kewaye gefen diyod ɗin) da wayar ƙasa, ƙara bolt goma-goma.

Lissafin kuwa: ƙarin wutar yoyo daidai yake da alfa sau adadin niyutiron a kowane cm² sau girman silikon (faɗi sau kauri), alfa kuma, wato ma'aunin ɓarnar bayan gashin ƙa'ida, kusan 4×10⁻¹⁷ A/cm a digiri 20. Diyod mai faɗin 0.25 cm² da kaurin maikuromita 300 da ya sha niyutiron 10¹⁴ a kowane cm² zai ba da kusan 30 µA a digiri 20, rabin µA kacal a sanyin awo. Wutar tana ninkawa kusan duk digiri 7, don haka manna ma'aunin zafi a jikin farantin, ba a bangon akwati ba.

Ka gama, bar shi ya ɗumama cikin naitirojin kafin ka buɗe, sannan ka mayar da shi firiza.