Yadda Ake Lissafin pH Idan An Haɗa Asid Mai Ƙarfi da Bes Mai Ƙarfi

pH lamba ce da ke nuna yawan asid ko bes da ke cikin ruwa; bes kuwa kishiyar asid ne. Bari mu yi aiki da mililita 50 na HCl (asid mai ƙarfi) da mililita 30 na NaOH (bes mai ƙarfi), kowannensu yana ɗauke da mol 0.10 a kowace lita (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari).

1. Ka mayar da mililita zuwa lita, sannan ka ninka da yawan mol da ke cikin lita guda. HCl zai ba da mol 0.0050 na H⁺ (ƙwayar da asid ke saki a ruwa), NaOH kuma mol 0.0030 na OH⁻ (ƙwayar da bes ke saki). Da Ba(OH)₂ ne aka yi amfani da shi a madadin NaOH, sai a ruɓanya adadin, domin kowane mol nasa yana sakin OH⁻ biyu.

2. Ka cire ƙarami daga babba, tunda kowane H⁺ yana haɗuwa da OH⁻ ɗaya su zama ruwa. Ragowar a nan mol 0.0020 ne na H⁺.

3. Ka raba ragowar da jimillar ruwan biyu, wato lita 0.080, ka samu mol 0.025 na H⁺ a kowace lita, wanda ake rubutawa [H⁺]. Wannan mataki ne ya fi buƙatar natsuwa, domin ɗalibi yakan manta cewa haɗin ya ƙara yawan ruwan, sai ya raba da 0.050 kaɗai, lissafin duka ya lalace.

4. Ka yi amfani da pH = −log[H⁺], amsar ita ce 1.60.

Idan OH⁻ ne ya yi saura, ka fara nemo pOH, wato −log[OH⁻], ta wannan hanya, sannan ka cire shi daga 14, muddin zafin ruwan digiri 25 ne a ma'aunin Salshiyos. Idan kuwa babu ragowa ko kaɗan, pH ɗin 7 ne.