Idan mai kujera ya dawo da ƙorafin yadi: yadda za ka yi

A Bauchi, da yawa daga cikin saitin kujerun da ke fita daga shagunan kafintoci na jeren amarya ne, shi ya sa ƙorafin yadi ba ya zuwa shi kaɗai. Uwar amarya ce za ta kira, bayanta kuma akwai dangi da ƙawaye da suka ga kujerar ranar jere. Kafintan da ya ce mata "ai kaya ya bar shago" ya kori duk wanda ke zama a falon nan.

Ranar da aka kira ka, kada ka yi gardama a waya. Ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a turo mini hoto ta WhatsApp, gobe in Allah Ya kai mu zan zo in gani da idona." Ka je ɗin kuwa, kada ya wuce kwana biyu. Ka tafi da farin ƙyalle, ruwa a gora, da guntun yadin da ka ajiye daga bandir ɗin da aka yi aikin. Wanda ba ya ajiye ko rabin yadi daga kowane aiki, da sunan mai kaya da ranar saye a jiki, ba shi da hujja a gaban mai kaya, ba shi da ita a gaban dila.

Aikinka a gidan shi ne gano inda laifin yake: yadi, ɗinki, ko yadda ake amfani da kujerar. Idan an ce tana zuba a jikin tufafi, ka jiƙa farin ƙyallen ka goga sau 10 a bayan kujera, inda ba a zama. In ya ɗauko launi sosai, rinin bai kama ba tun daga kamfani. Idan koɗewa ce, ka kara guntun naka da wajen. Kujerar da ke bakin taga kaɗai ta koɗe, sauran suna nan lafiya? Rana ce. Duka sun koɗe har da ta lungu cikin 'yan watanni? Yadin ne.

Yagewa a bakin ɗinki ita ce aka fi ɗora wa yadi alhali aikin hannu ne. Ka buɗe ka duba. In abin da aka bari bayan ɗinki bai kai rabin inci ba, zaren saƙar zai zare da an zauna. Leda kuma, wato fatar roba da ake rufe kujera da ita, idan aka matse ɗinkinta ƙwarai, allura ta jera mata huda kusa-kusa, sai ta tsage a kan layin. Haka yadin da ya saki ya yi tattara a mazauni, sau da yawa soso mara ƙarfi ne ya lotsa a ƙarƙashinsa. Duk waɗannan naka ne, ka gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Ledar da ke ɓarewa tana bukatar tambaya cikin ladabi: da me ake goge ta? Kananzir, ruwan bilic da turaren fesawa suna cinye fatar samanta. Amma in ana ɓarewa har a gefe da baya, tsohuwar leda ce da ta daɗe a sito tana shan zafi. Ƙaramin rami mai tauri a baki, kamar an narkar da roba, tartsatsin kaskon turaren wuta ne. Ka nuna mata a hankali, ba a gaban baƙi ba.

In laifin yadi ne, mai kaya ba ta san dilanka na Kasuwar Wunti ko na Kano ba, kai ta ba kuɗi. Ka sauya mata, sannan ka ɗauki rasit, hoto da guntun yadin ka bi naka haƙƙin. Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya ga aibin da bai sani ba lokacin ciniki, kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ke aiki da ita, ta ba shi damar kai ƙara.

Wajen sauyawa ne ake sake ɓata lamari. Yadi mai lamba ɗaya daga bandir daban yakan bambanta a launi, musamman karammiski, wanda ko juya kwanciyar gashinsa aka yi sai ya canza. In ba ka samu na bandir ɗin farko ba, ka sauya yadin kujerar gaba ɗaya, kada ka yi wa mazauni ɗaya faci. Ka rubuta a bayan rasit abin da za a gyara, wanda zai biya kuɗin mota, da ranar dawowa. Ka riƙa ɗauka bibbiyu, don kada a bar amarya da falo wayam ana zuwa ganin ɗaki.