Yadda ake kafa bishiyar Kirsimeti a gida ta kai sabuwar shekara a tsaye

Duk Disamba akwai iyalan da ba sa samun zuwa ƙauye. Wani kuɗin mota ne ya fi ƙarfinsa, wani aiki ya riƙe shi, wata kuma jego take yi, ba za ta iya bin hanyar Kafanchan ko ta Billiri cikin ƙurar hunturu ba. Irin waɗannan gidajen ne suka fi buƙatar bishiyar Kirsimeti, domin yaran da suka saba kwana a ɗakin Kaka tare da 'yan uwa sai su ga kamar bana babu biki. Na shiga gidaje da dama da aka kafa bishiya a karon farko, kuma kusan ko'ina abu ɗaya ake yi. A sayo ta da yamma, a zazzage kayan ado a kan tabarma, kowa ya ɗauki abin da ya burge shi ya rataya, sai daga baya a tuna da fitilu, a kuma gane cewa gindin ba ya tsayuwa. Kafin ranar 25 ga wata ta karkace, rabin fitilun sun mutu, uwar gida kuma ta gaji da tsawata wa yara kada su matso kusa da ita.

Ku fara da zaɓen bishiyar. Akwai ta roba mai zuwa a kwali, wadda ke cika shaguna a Taminus ta Jos da Sabon Garin Kano da babbar kasuwar Kaduna tun ƙarshen Nuwamba. Akwai mai rai a tukunya, mai rassa hawa-hawa, da masu lambun furanni na bakin titi suke sayarwa. Akwai kuma busasshen reshe mai yawan yatsu, wanda za ku iya tsinta a bayan gari ku kankare ɓawonsa ku shafa masa farin fenti. Wannan na ƙarshe kuɗin fenti kawai yake ci, kuma idan an yi shi da kyau ya fi wata ta roba mai arha kyan gani. Abin da ba na so shi ne ɗanyen reshe da aka saro tun farkon wata. Al'adar kafa bishiyar Kirsimeti daga Jamus ta taso tun ƙarni na 16, ta kuma bazu a Ingila bayan da wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat da 'ya'yansu kewaye da tasu bishiyar a 1848. Su can sanyi da danshi suna riƙe ɗanyen icen da aka sare na tsawon makonni. Mu nan iskar hunturu da ke busar da wanki cikin 'yan awoyi ba ta barin reshe ya daɗe da ganyensa. Mutanen Jos da ke da irin itatuwan nan a kusa, idan dole sai ɗanye kuke so, kada ku sare kafin 22 ga wata. Ku sake yanke gindin kamar faɗin yatsu biyu, ku tsoma shi cikin ruwa, ku riƙa ƙara ruwan kullum.

Kafin ku biya kuɗi ku auna ɗakin. Ƙafa biyar zuwa shida ya ishi falon yawancin gidajenmu. Ku bar aƙalla ƙafa biyu tsakanin kan bishiyar da fankar sama. Na san ba a cika kunna fanka da sanyi ba, amma ranar da baƙi suka cika ɗaki sai wani yaro ya murɗa ta. Kusurwa ake zaɓa, wadda ke kusa da soket, nesa da ƙofa, nesa da labule, nesa da inda ake ajiye risho ko kaskon gawayi na ɗumama ɗaki.

Sai gindi. Ƙafafun robar da ke zuwa da bishiyar kwali ba sa iya riƙe ta a gidan da ke da yara masu rarrafe. Ku nemi tsohon bokitin fenti na lita 20, da guntun bututun roba irin na masu aikin famfo wanda sandar bishiyar za ta shiga cikinsa daidai. Ku tsayar da bututun a tsakiyar bokiti, ku zuba tsakuwa zuwa rabi, ku cika sauran da yashi kuna dannawa, sannan ku zura sandar. Idan akwai ɗan sarari a cikin bututun, ku cusa takarda ko tsumma har ta daina lilo. Yanzu ku tura ta da tafin hannu daga tsakiya. In ta motsa, aikin bai ƙare ba. Duk da haka ni sai na ƙara ɗaure ta da siririyar igiya daga sama zuwa ƙarfen taga, domin yaro ɗan shekara biyu jawo reshe yake yi da dukan nauyinsa. Bokitin kuma a naɗe shi da ragowar atamfar ankon bana, ba wanda zai san akwai yashi a ciki.

Bishiyar roba tana fitowa daga kwali a matse. Ku ba ta awa guda kuna buɗe rassanta ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, kowane ƙaramin reshe a lanƙwasa shi, wani sama, wani gefe, har sai an daina hango sandar tsakiya. Yawancin masu cewa an cuce su da bishiya mara ganye wannan matakin suka tsallake. Aiki ne da ya dace a ba manyan yara.

Yanzu mun zo wurin da kusan kowa ke faɗuwa, wato fitilu. Kafin ku saya, ku juya kwalin ko ku duba 'yar takardar da ke manne a jikin wayar kusa da filogi. Lantarkin Najeriya da na Nijar yana tsakanin 220V da 240V ne. Na Amurka 120V ne. Fitilun da ke zuwa cikin dilar gwanjo, da waɗanda 'yan uwa ke aikowa daga Amurka, da yawansu 110V ko 120V aka rubuta musu, kuma za ku gane su da filogi mai ƙafa biyu masu faɗi. Mutane sukan sayi adafta su jona, suna zaton shi ke nan. Adafta siffar filogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan. Sai fitilun su yi wani haske mai ƙarfi na ɗan lokaci su mutu gaba ɗaya, wani lokaci har da warin ƙonewar roba, ga yara a tsaye suna kallo. Idan aka rubuta 120V kaɗai, ko dai ku haɗa da ƙaramar taransifoma mai rage wuta, ko ku haƙura da su. Kuɗin taransifomar ma yakan fi na sabbin fitilu, don haka haƙurin ya fi sauƙi. Wanda aka rubuta masa 220V zuwa 240V, ko 100V zuwa 240V, shi ne naku.

Fitilu irin na zamani da ake kira LED za ku saya. Tsofaffin ƙwayaye masu zare a ciki suna zafi, suna shan wuta, kuma a jere ake haɗa su, shi ya sa idan ƙwai ɗaya ya mutu ko ya kwance sai layin duka ya ɗauke, ku kwana kuna neman wanda ya jawo. LED ba ya zafi sosai, abin da yake ci kuma kaɗan ne ƙwarai. Wanda na fi yarda da shi a cikinsu shi ne mai kan USB, irin wanda ake jonawa a cajar waya ko a fawa bank. Wutar da ke yawo a cikin wayarsa 5V ce kawai, ko yaro ya kama ba abin da zai same shi, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙoƙi a daren jajibere bishiyar tana nan da haskenta. Ga masu janareta, kada ku bar fitilun a jone lokacin tayar da shi ko lokacin juya layi. A daidai nan ne ƙaramin akwatin da ke sa su walƙiya yake ƙonewa.

Ku gwada kowane layi a gaban mai shago, ku sake gwadawa a gida a shimfiɗe a ƙasa kafin ya hau bishiya. Ku bi wayar da yatsu daga farko zuwa ƙarshe. Inda kuka ji ta kware, ko ɓera ya taɓa ta a ajiya, ku jefar da layin. Na ga gidajen da aka naɗe irin wannan wuri da leda ko salatif na takarda, alhali a jikin bishiyar roba yake, kusa da labule, a watan da komai ya bushe ƙayau. Layin fitilu bai kai darajar wannan kasada ba.

Fitilu ne ke fara hawa, kafin kowane irin ado, kuma a kunne ake sa su don ku ga inda duhu ya rage. Ku fara daga ƙasa, ta gefen da soket yake, in ba haka ba za ku gama ku tarar da filogi yana reto a saman bishiya. Kada ku zagaye ta daga waje kamar ana ɗaure buhu. Ku bi reshe ku shiga da wayar har kusa da sanda, ku dawo da ita baki, ku koma reshe na gaba. Haka ake samun hasken da ke fitowa daga cikin bishiyar, wayar kuma ta ɓuya. Tunda a kusurwa take, ba sai kun ɓata fitilu a bayanta ba, ku riƙa kai da kawowa a gefen da ake gani. Bishiya mai ƙafa shida tana son ƙwayaye 300, ƙasa da 200 kuwa za ta yi duhu. Idan kun gama, ku kashe fitilar ɗaki, ku ja baya zuwa bakin ƙofa, ku ɗan runtse ido. Duk inda babu haske zai fito fili, sai ku gyara tun ba a rataya komai ba. Launi ɗaya ya fi, fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Masu launi bakwai da ke tsalle-tsalle suna gajiyar da ido, kuma suna danne adon da yara suka sha wahalar yi. Kyandir kuwa kada ya kusanci bishiyar ko da wasa, haka ma audugar da wasu ke yayyafawa don ta yi kama da ƙanƙara.

Ado shi ne rabon yara, kuma a nan zaman gida yake da daɗi. Ba sai kun sayi kwalin ƙwallaye masu ƙyalli ba, dozin ɗaya ya isa a cike gurbi. Sauran a yi su a gida: gugguru a jere a zare da allura, busasshen zoɓo ja a tsakaninsa, ƙananan ludaya da aka yi wa fenti, taurari da aka saƙa da kaba ko aka yanka daga kwalin sabulu aka lulluɓe da takardar ƙyalli, da ƙyallayen da tela zai ba ku kyauta a ƙulla su ƙanana. Kowane yaro ya yi guda ɗaya nasa, a rubuta sunansa da shekara a baya, a ajiye don baɗi. A sa hoton Kaka da Baba Tsoho ma, tunda bana ba a je wurinsu ba, in an kira su a waya a nuna musu. Masu nauyi suna shiga ciki kusa da sanda, marasa nauyi a bakin reshe, masu fashewa a sama. Rassan ƙasa na abin da auta zai iya ja ya sa a baki ne ba tare da an ji tsoro ba. Alawa da cincin kada su hau sai ranar 24, saboda tururuwa.

Tauraro ne na ƙarshe. A gidanmu Baba ne ke ɗaga auta ya ɗora shi, bayan an karanta Matiyu sura 2, inda masana taurari suka biyo shi daga gabas. Masu sa mala'ika a sama sai su karanta Luka sura 2. Idan kan bishiyar yana lanƙwashewa, ku ninka shi biyu ko ku ɗaura masa tsinken tsire. A gindinta a yi ɗan komin dabbobi da kwali da busasshiyar ciyawa, amma a nesanta shi da soket.

Daga nan sai kulawa. A kashe fitilu kafin a kwanta da kuma lokacin da za a tafi sujada. A riƙa kaɗe ƙura da busasshen tsumma, yara masu wasan banga, wato abin wasan nan mai fashewa da tartsatsin wuta, kuma su yi can waje. Ana sauke ta ranar 6 ga Janairu, bayan kwana goma sha biyu na Kirsimeti. Ku naɗe kowane layin fitilu a jikin guntun kwali daban, ku cire batir daga masu batir, ku zuba komai cikin jakar Gana-mas-go mai zif, domin gara tana cin kwali. A ɗora ta a saman kabad. Mai rai a tukunya kuma a fitar da ita inuwa na mako guda kafin ta koma rana.